Me za mu kira wayar da ta fi ƙarfin hannu ɗaya?

Jama'a, kalma nake nema, kuma wayar da na saya ranar Asabar ce ta jawo.

Fuskarta inci 6.8 ce. Daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna fuskar waya, a karkace, wato tawa ta ɗan haura santimita 17. Da na zaro ta daga kwali, Hajiyarmu ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Kai kuma faranti ka sayo ko waya?" Na ce Turawa phablet suke ce wa irinta. Ta ce, "Fa me?" Na sake faɗa, ni kaina na ji kalmar ba ta zauna mini a baki ba.

Asalinta guntaye biyu ne aka manna, kan phone da wutsiyar tablet: abin da ya wuce waya girma amma bai kai kwamfutar hannu mai kama da allo ba.

Kafin a kai ga suna, bari in faɗi yadda muka kwashe da ita kwanakin nan, don daga nan sunan zai fito. Daɗin karatu kam ba a magana. Na daina tsuke ido idan na buɗe Alƙur'ani, shafi guda yana fitowa ɗungurungum. Ina raba fuskar biyu, WhatsApp a sama, manhajar banki a ƙasa, in kwafi lambar asusu ba tare da na yi ta shiga da fita ba. Ƙwallo ma mu uku muka kalla a kanta jiya, ba wanda ya ce a karkato masa.

Amma babban yatsana ba ya kai wa kusurwar sama. A cikin adaidaita, hannu ɗaya na riƙe da ƙarfe, na nemi in amsa saƙo da ɗayan, saura ƙiris ta bi titi. Daren farko ina kwance rigingine ta suɓuce ta faɗo mini a karan hanci, sai da na ga taurari. Na Juma'a ya fi ciwo: na saka ta a aljihun gaba na kaftani kamar yadda na saba, rabinta a waje, ina yin ruku'u ta zame ta faɗi a gaban sahu. Dattijon da ke gefena bai ce komai ba. Bayan sallama ya miƙo mini ita da hannu biyu.

To, sunaye. "Babbar waya" ce ta fara zuwa bakin kowa, amma an riga mu. A wurinmu duk wayar da ake shafawa babbar waya ce, kishiyar ƙaramar mai maɓallai da samari ke wa tsiya da raka-ni-kashi. In ka ce wa mai shago babbar waya kake so, zai tambaye ka wacce daga ciki.

Wani ya ce a bar ta fablet kawai, yadda muka karɓi kwamfuta da rediyo. Ba ni da faɗa da aro. Sai dai waɗancan sun shigo ne ta bakin mutane, wannan kuwa ban taɓa jin ta a bakin mai sayar da waya ko mai gyara ba. Wa za mu ara wa?

Ƙanwata ta kawo wayallo, waya da allo. Na yi dariya, sannan na ɗan tsaya, don hoton ya yi. Lokacin da Samsung ya fitar da Galaxy Note a 2011 har da alƙalaminta ta zo, allo da alƙalami ke nan, tawada ce kawai babu. Amma Hausa ba ta cika sare kalmomi biyu ta haɗa guntayen ba. Mu aikin abu muke kallo, ko abin da yake yi wa mutum, mu raɗa masa suna da shi. Hular da ke tokare goshi muka ce hana-salla. Wayar salula muka ce tafi-da-gidanka. Da mai shafawa ta zo, kafofin labarai suka ce komai-da-ruwanka, kowa ya gane ba tare da an yi masa bayani ba. "Wayar allo" ba tare da sarewa ba ta fi, amma gara a ajiye wa tablet ita, can ta fi dacewa.

A kan wannan turba sunaye biyu suka rage mini: gagara-aljihu da cika-hannu.

Na farkon ya fi daɗin faɗa, ɗan uwan gagara-badau da gagara-gasa ne. Matsalarsa biyu. Aljihun gefe na kaftani bai san da zancen ba, ya haɗiye ta har da sauran wuri, wandon jins ne da aljihun gaba suka gaza. Sannan Bahaushe in ya ji an ce abu ya gagari aljihu, kuɗi zai fara tunawa, alhali yau Tecno da Infinix da Itel sun cika kasuwa da masu faɗin fuska a farashin talaka.

Cika-hannu ma an kawo masa suka. Yayana ya ce, "Kai, ba ka jin ana cewa 'yan sanda sun cika hannu da ɓarawo?" Na ce Yaya, wancan da "da" yake tafiya, kuma aikatau ne. Wannan suna ne, irin su cika-ciki. Ba wanda zai ji "na sayi cika-hannu" ya zaci an kama wani.

Sukar da ta fi nauyi daga wani mai gyaran waya ta zo. Ya ce kalmar ko a Turanci ta kusa mutuwa, don kusan duk wayoyi sun zama haka. Yana da gaskiya. iPhone ta farko a 2007 inci 3.5 ce. Dell Streak ta 2010 mai inci 5, da Note ɗin can mai 5.3, ba'a aka yi ta yi musu, wai mutum ya kara allo a kunne. A 2014 Apple ma ya bi sahu da iPhone 6 Plus mai 5.5. Yau in ka ga mai 5.3 sai ka ce ta yara ce. Amma wannan lalurar masu auna da inci ce, iyakarsu kullum matsawa take yi. Cika-hannu da tafin mai riƙo take auna. Duk wadda sai ka haɗa da hannu na biyu kafin ka rubuta saƙo ta shiga, ko inci nawa ne.

Ni dai a kan cika-hannu na tsaya, gagara-aljihu ya zama kirarinta. 'Yan uwa na Damagaram da Maraɗi, in akwai abin da kuke ce mata a can, ku kawo mu ji.

Ɗazu na gwada a gida, na ce wa Hajiya ga sunan da muka samo. Ta ce, "To, madalla. Miƙo mini farantin nan naka in kira kawunka."