Advent, me za mu kira shi da Hausa?

Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Abin nan ya daɗe yana damuna, mai wa'azi zai yi ta zuba Hausa tiryan-tiryan amma da ya iso kan Advent sai ya faɗe ta yadda ya same ta, har wasu sun ɗauka wani sunan Kirsimeti ne kawai.

Kalmar daga Latin take, adventus, wato isowar sarki gari, da ita aka fassara parousia ta Helenanci da Sabon Alkawari ke kiran dawowar Yesu. Advent ɗin Lahadi 4 ne kafin Kirsimeti, ta farkon tana faɗowa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. A tsarin Katolika ma har 16 ga Disamba karatun ya fi karkata kan dawowarsa ne, sai daga 17 ake komawa kan haihuwar. Kenan duk sunan da za mu zaɓa dole ya ɗauki zuwan nan biyu.

Wani ya ce Lokacin Zuwa. Ma'anar ta yi, amma zuwan wa? kuma mu ina namu aikin a ciki?

Lokacin Jira kuwa gaskiya ban gamsu ba. Ku duba Matiyu 25, budurwai goman nan ai dukkansu jira suka yi, dukkansu ma barci ya kwashe su da angon ya yi jinkiri, abin da ya raba su shi ne biyar sun tanadi mai tare da fitilunsu biyar ba su tanada ba, aka rufe ƙofa suna can wajen saye. Jira kaɗai bai shigar da kowa biki ba. In kuma Lokacin Bege za a ce, bege kalma ce mai daɗi, ina sonta sosai, sai dai bege namu ne kullum ba na sati huɗu ba.

Ni dai Shirin Tarya nake gani. Kiran da aka yi da tsakar dare a wannan labarin a fito a taryi ango ne, haka Bulus ya ce a 1 Tasalonikawa 4:17 za mu taryi Ubangiji a sararin sama. Ba a fita taryar wanda ba a tabbatar yana hanya ba, to ga begen nan a ciki, shirin kuma shi ne tuba da addu'a da sulhu da wanda kuka ɓata, tunda ba a gaya mana ranar ba.

Na san wasu tarba suke cewa ba tarya ba. Wanne ya fi zama a bakinku, Shirin Tarya ko Shirin Tarba? Malaman Littafi Mai Tsarki don Allah ku sa baki kafin Lahadin farko ta iso.