Na canza wa kwamfutata suna, yanzu manhajoji sai sun ga dama suke buɗewa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Debian, wani nau'in tsarin Linux, nake amfani da ita a kwamfutata. Makon jiya na canza mata suna, tun daga ranar idan na danna manhaja sai in zuba tagumi kusan daƙiƙa 10 kafin ta fito. Da zarar ta buɗe kuma lafiya lau take aiki. Ko sudo (umarnin yin aiki da ikon mai kula da kwamfuta) na rubuta sai ta tsaya jim, sannan ta ce "unable to resolve host", wato ta kasa gano adireshin sunan kwamfutar. Har na fara tunanin ƙara RAM. Me kuke gani?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka, RAM ba ruwanta. Wasu manhajoji idan za su tashi sukan nemi adireshin IP na sunan kwamfutar da suke ciki. Suna fara duba fayil ɗin /etc/hosts, inda ake jera sunaye da adireshinsu. Kai ka canza suna, amma tsohon sunan ne har yanzu a can. Da ba su samu ba sai su tura tambayar zuwa DNS a waje, wato sabar da ke fassara suna zuwa adireshi, in amsa ba ta dawo ba kuwa ana jira daƙiƙa 5 a gwada sau 2. Ka ga inda gomanka ta fito.

Buɗe fayil ɗin da sudo nano /etc/hosts, nemo layin da ya fara da 127.0.1.1, ka goge tsohon sunan ka sa sabon, daidai yadda umarnin hostname ya nuna maka. Layin 127.0.0.1 localhost kuma kada ka taɓa shi.

Amsa ta biyu: Kafin ka gyara, gwada time getent hosts $(hostname), umarnin da zai nemo adireshin sunan kwamfutarka ya kuma nuna tsawon lokacin da ya ɗauka. In ya ɗauki lokaci, to shi ne. Ka kuma leƙa /etc/nsswitch.conf, fayil ɗin da ke tsara inda za a fara neman suna, ka tabbatar a layin hosts "files" ya zo kafin "dns". Ni na sa libnss-myhostname, ƙarin manhajar da ke sa kwamfuta ta gane sunanta da kanta, tun daga nan ko na sake suna ba na komawa kan /etc/hosts.

Amsa ta uku: Ku yi hattara dai. Nawa jinkirin daƙiƙa 25 ne cif, na yi ta wahala da hosts a banza, ashe xdg-desktop-portal, wata manhajar da ke aiki a bayan fage, ce ta maƙale, D-Bus mai isar da saƙo tsakanin manhajoji yana jiranta har wa'adinsa ya cika. A ƙirga daƙiƙun tukuna.

Mai tambaya: Na gwada getent, daƙiƙa 10 da 'yan kai. Tsohon sunan na nan zaune a layin 127.0.1.1. Na gyara, ko sake kunna kwamfutar ban yi ba sudo ta daina ƙorafi. Allah ya saka da alheri.