"Da tsohuwar zuma ake magani": ta dace da Bosuwaja kuwa?

Malamin Hausa: Jama'a, ana yawan jefa wa Bosuwaja, wato motar Volkswagen Beetle wadda ake kira kunkuru, karin maganar nan ta tsohuwar zuma. A asali ana faɗinta ne ga dattijo ko tsohuwar dabara da ake komawa gare su idan lamari ya cije. To, mota tana shiga wannan sahu? Zuma ajiya ba ta ɓata ta, ƙarfe kuwa tsatsa yake yi.

Bakanike: Allah gafarta Malam, tana shiga, domin tsarinta ne zumar. Injinta a baya yake, silinda huɗu a kwance, biyu dama biyu hagu, kuma ba ta da lagireto, iska ke sanyaya ta. Babu ruwan da zai tafasa, balle tiyon ruwa ya fashe maka a daji. Ferdinand Porsche ne ya tsara ta a Jamus, aka aza harsashin masana'antarta a 1938. A 1972 ta zarce Model T ta kamfanin Ford a yawan ƙira, kuma ba a daina yin ta ba sai ran 30 ga Yulin 2003 a Puebla ta ƙasar Meziko, bayan an ƙera sama da miliyan 21. A Legas ma an fara harhaɗa ta a 1975, shi ya sa tsofaffin kanikawanmu suka san cikinta sarai.

Tsohon Direba: Oga, ban ƙi taka ba, amma ni "sannu ba ta hana zuwa" na ga ta fi zama daidai. Mai inji 1200 ƙarfin doki 34 gare ta, gudunta bai wuce kilomita 115 a awa ba. Sai dai nauyin inji yana kan tayoyin baya masu tura ta, don haka yashin da ke riƙe wasu motoci ita takan ratsa shi.

Malamin Hausa: Baba, ƙarasa ta mana: "sai dai a daɗe ba a je ba". Wannan haƙuri take koya wa matafiyi, ba ta yabon abin hawa. Ta zumar ce ke magana a kan daraja.

Bakanike: To, amma a riƙa faɗinta da sharaɗi, don zumar da aka bari a buɗe ƙudaje ke gamawa da ita. Baƙin mai lita biyu da rabi kacal take ɗauka, kuma ba ta da filta sai 'yar rariya a ƙasan inji mai noti shida. A yi juye duk kilomita 5,000, a wanke rariyar, a sa sabon gasket. Tazarar bawul 0.15 na milimita ce, kuma da safe ake saita ta, inji na sanyi ƙalau. Idan ta matse, bawul ba ya zama sosai, sai ya ƙone. A tsofaffin injuna silinda ta uku ce ke fara ci, saboda na'urar sanyaya mai tana tare mata iska. A 1971 aka gyara wannan a manyan injuna. Abin da ya fi kashe ta shi ne fambel. Shi ke juya janareto da fanka tare. Jar fitilar caji ta kama kana tafe, tsaya nan take ka leƙa baya. Wanda ya ce bari ya ƙarasa gari, cikin 'yan mintoci inji zai buga.

Tsohon Direba: Ka manta gobara. Tiyon fetur da ya tsufa yakan ɗiga a kan inji mai zafi. Batir kuma ƙarƙashin kujerar baya yake. In babu murfinsa, mai jiki ya zauna, ƙarfen kujerar ya taɓa kan batir, sai hayaƙi.

Malamin Hausa: Na karɓi hujjar Oga. Amma a faɗi karin maganar ga motar da ake kula da ita tana tashi da buguwa ɗaya, ba wadda kaji ke kwana a cikinta a bayan gida ba.

Bakanike: Ita ma waccan kada a kai ta bola, Malam. A ɗaga tabarmar ƙasa a duba gindin batir tukuna, nan tsatsa ke fara ci. In ƙasan da sauransa, noti huɗu ke riƙe da injin, a sauke shi a gyara.