Haɗin kemis da nake sha na ciwon baya ya fara taɓa min ciki, wane magani ya kamata in riƙe?

Tela_Fagge:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, dan Allah masana harkar lafiya ku taimaka min da shawara. Ni tela ne, kun san dai yadda aikin namu yake, mutum ya wuni a duƙe kan keke, in aiki ya yi yawa irin na gabanin sallah ko lokacin biki har kwana muke a shago. To bayana da wuyana kusan kullum cikin ciwo suke, shi ne na saba in na tashi aiki sai in biya kemis in ce a haɗa min na ciwon jiki, ya ƙulla min a 'yar leda, akwai fara wadda na san farasitamol ce, akwai wata 'yar mitsitsiya ruwan ɗorawa, akwai kafso, sauran kam ban san sunansu ba. Gaskiya yana min aiki don in na sha na kwanta garau nake tashi. In kuma kai ya sara min da rana sai in kaɗa Alabukun a ruwa in shanye.

Matsalar ita ce kwanan nan cikina ke min zafi, nan daidai ƙahon zuciya, musamman in yunwa ta kama ni ko cikin dare. Wani abokin aikina ya ce olsa ce in dinga shan madara, wani kuma ya ce maganin ne ya jawo. Tambayata a cikin magungunan nan wanne ne mutum zai sha bai cutu ba, kuma guda nawa a rana? Don barin ɗinkin dai ba zai yiwu ba, da shi muke ci da iyali.

Famasis_Zariya:

Wa alaikumus salam malam, Allah ya ba ka lafiya. Abokinka na biyu ya fi kusa da gaskiya. Dan Allah daga yau ka ajiye haɗin nan, ka ajiye Alabukun ɗin ma, kada ka ce bari in ƙarasa wanda ya rage.

Magungunan ciwon jiki da ake saya ba tare da takardar likita ba gida biyu ne. Farasitamol gidansa daban. Ɗaya gidan kuma su ne ibuprofen wanda mutane ke ce wa burufen, da diclofenac, da piroxicam irin su Felvin, da asfirin, duk 'yan uwa ɗaya ne, aiki iri ɗaya suke yi, illa iri ɗaya suke yi. Cikin ɗan Adam yana da wata majina-majina da ta lulluɓe bangonsa don kada ruwan asid da ke narka abinci ya ci naman, to 'yan gidan nan sinadarin da suke dannewa don ciwo ya lafa shi ne dai sinadarin da ke sa ciki ya samar da wannan kariyar. Shi ya sa baya na samun sauƙi ciki na ƙonewa. Alabukun da kake kaɗawa asfirin ne miligiram 760 a ƙulli ɗaya, da kafeyin miligiram 60, irin sinadarin da ke cikin goro da kofi, kuma na tabbata yawanci ba ka ci komai ba kake shan sa.

Ita kuma ledar, irin waɗanda mutane ke kawo mana mu duba sau da yawa sai ka tarar da 'yan gida ɗaya har biyu a ciki, diclofenac ga piroxicam, wani lokaci a ƙara da dexamethasone ko prednisolone wanda shi ba ma maganin ciwon jiki ba ne na a sha kara zube, kuma in ya haɗu da waɗancan haɗarin gyambon ciki ƙaruwa yake. Abin da nake so kowa ya gane shi ne shan biyu daga gida ɗaya ba ya ninka sauƙi, illar ce kawai ke ninkuwa.

Wanda za ka riƙe yanzu farasitamol ne shi kaɗai. Babba yana shan ƙwaya ɗaya ko biyu ta miligiram 500, tsakanin sha da sha a bar aƙalla awa 4, in so samu ne 6, kuma kada a wuce ƙwaya 8 cikin awa 24, wato giram 4 ke nan. Shi ma fa ba alewa ba ne, hanta ce ke sarrafa shi, in ya yi yawa ita yake lalatawa, kuma mugun abin mutum zai iya wuni lafiya ƙalau bayan ya sha fiye da kima sai bayan kwana biyu ko uku abin ya bayyana. Wanda ya san ya zarce ya tafi asibiti a ranar ko ba ya jin komai, akwai maganin da ke karya shi kuma ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Mai ciwon hanta, da mai shan giya, da wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, su 8 ɗin nan ta yi musu yawa, su tambayi likita. Sannan a lura, Panadol farasitamol ne, Boska akwai shi a ciki, magungunan mura irin su Procold da Mixagrip akwai shi a ciki, Ibucap ma haka, sai mutum ya sha wannan ya sha wancan yana ganin magani daban-daban ya sha alhali abu ɗaya yake ta tarawa.

Madara za ta kwantar maka na ɗan lokaci ne kawai, ba ta warkar da komai. Ka je a duba ka cikin satin nan, ka tafi da ledar su gani, akwai gwajin wata ƙwayar cuta H. pylori da ke kawo olsa, in ita ce akwai maganinta na musamman. Amma in ka ga bayan gidanka ya koma baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, ko ka yi aman jini, ko jiri na ɗibar ka in ka miƙe, wannan jini ne ke zuba a ciki, ko ƙarfe nawa ne a kai ka asibiti.

Baban_Khalifa:

Likita Allah ya saka da alheri, bayani ya yi. Amma fa ku dinga duba halin da talaka ke ciki. Ni Keke Napep nake ja, in na ce yau zan je asibiti kan ciwon jiki to ranar ta tafi ke nan, ga kuɗin kati ga layi ga balans ɗin mai keke yana jirana da yamma. Mai kemis ɗin unguwa kuwa maƙwabcinka ne, ko ba ka da kuɗi zai ba ka bashi, ƙarfe goma sha ɗayan dare ka buga masa ya buɗe. Kuma mu da yawa haɗin nan muke sha shekara da shekaru ba mu ga komai ba. Ba musu nake ba wallahi, so nake a gaya mana abin da za mu iya yi a inda muke.

Famasis_Zariya:

Baban Khalifa maganarka gaskiya ce, ni ma ban ce a daina zuwa kemis ba, da yawansu mutanen kirki ne kuma doka ta ba su damar sayar da irin su farasitamol da ibuprofen. Ledar ce nake faɗa da ita. In ka je kada ka ce a haɗa min, ka ce a ba ni kati ɗaya na kaza. A jikin katin za ka ga sunan maganin, da ƙarfinsa, da ranar da zai lalace, a kwalin kuma ga lambar NAFDAC, in wani abu ya faru ka san me ka sha. Ƙwayar da aka ɓare aka ƙulla a leda ko ni da na karanci abin ba kullum nake gane ta da ido ba, kuma a irin haka ne ake cusa wa mutane tramadol ba su sani ba har jiki ya saba.

In ba ka da olsa, ba ka da hawan jini ko ciwon ƙoda ko ciwon zuciya ko asma, za ka iya shan ibuprofen miligiram 400 bayan ka ci abinci, sau uku a rana iyaka, wato kada ya wuce 1200, na 'yan kwanaki kaɗan. Don ciwon haƙori da ciwon mara na al'ada ya ma fi farasitamol aiki saboda yana rage kumburi, kuma ana iya haɗa shi da farasitamol tunda ba gidansu ɗaya ba. Amma shi kaɗai daga gidansu, ba a ɗora masa diclofenac ko Alabukun.

Batun ba ku ga komai ba shi ne ya fi damuna da ku masu aiki a rana. Ƙoda ba ta kuka da wuri. Mutum ya wuni cikin zafin watan Afrilu yana zuba gumi, ruwan da ya sha bai taka kara ya karya ba, ya dawo ya watsa diclofenac, to maganin rage jinin da ke zuwa ƙoda yake yi a daidai lokacin da ta fi buƙatarsa. Haka in ana azumi, wanda zai sha ya bari sai ya yi buɗa baki ya ci ya sha ruwa sosai. Ko awon hawan jini ne dai ka dinga yi lokaci-lokaci, kemis da yawa suna da na'urar, don su ma waɗannan magungunan suna ɗaga shi.

Tsohon_Tela:

Ɗan'uwa Tela_Fagge sannu, na riga ka shiga sana'ar nan kuma na sha wannan ciwon. Ka duba kujerarka, yawancinmu benci ko kujerar roba muke zama wadda ta yi ƙasa da keken, dole ka ranƙwafa. Ka samu mai majingina ka sa ɗan filo a ƙugu, ka ƙara haske a kan allura don rashin gani ne ke sa mu dinga kai fuska kusa. Duk in ka gama riga ɗaya ka miƙe ka taka zuwa bakin shago ka dawo, yankan ma ka yi shi a tsaye kan tebur maimakon a ƙasa. Da dare a gasa maka bayan da tawul da ruwan ɗumi. Ni abin da ya rage min shan magani ke nan.

Maman_Ilham:

Slm, Allah ya ƙara sani. Dan Allah tunda ana maganar ni ma a taimaka min, ina da ciki wata shida kuma ciwon baya na damuna, akwai burufen a gida na maigidan, zan iya sha? Sannan yarinyata 'yar shekara ɗaya da rabi in jikinta ya yi zafi cokali nawa zan ba ta na farasitamol, don kowa da abin da yake faɗa min, kakarta ma cewa take a ɓallo mata rabin na manya.

Sista_Nas:

Maman Ilham dan girman Allah kada ki taɓa burufen ɗin nan. Daga sati 20 na ciki, wajen wata biyar ke nan, shi da duk 'yan uwansa da famasis ya lissafa suna iya taɓa ƙodar jariri ruwan mahaifa ya ragu, a watannin ƙarshe kuma suna iya rufe wata hanyar jini da ke kusa da zuciyarsa tun lokacin rufewarta bai yi ba. Farasitamol shi ne na masu ciki, shi ma in buƙata ta taso, kuma ki faɗa musu batun bayan in kin je awo. In ciwon yana zuwa yana tafiya kamar naƙuda, ko da zafin fitsari, ko zazzaɓi, kada ki jira ranar awo.

Na yara kuma da nauyi ake lissafa shi ba da cokalin kicin ba, don cokula ba girmansu ɗaya ba. Miligiram 15 ne kan kowane kilo. Ruwan farasitamol da aka fi samu miligiram 120 ko 125 ne a cikin mil 5, to in Ilham kilo 10 ce, wajen mil 6 za ki ba ta, ki auna da ɗan kofin da ke zuwa da kwalbar ko sirinji marar allura, kada ya wuce sau 4 a awa 24. Nauyinta na rubuce a katin rigakafinta, in ya daɗe a sake auna ta. Ki karanta kwalbar duk sanda kika sayi sabuwa don akwai mai ƙarfin 250 ta manyan yara. Rabin na manya da Hajiya ke faɗa miligiram 250 ne, ya yi wa mai kilo 10 yawa, ki lallaɓa ki yi mata bayani. Asfirin da Alabukun kuwa ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba sam, yana iya jawo wata cuta mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta. Ibuprofen na yara ma ba a ba wanda ke gudawa da amai ko mai ƙarambau.

Kuma ki tuna farasitamol zafin kawai yake saukarwa, ba ya kashe maleriya. A nan muke ganin yara an yi ta ba su shi a gida jiki na sanyi yana komawa, sai an kawo su jini ya riga ya ƙone. In zazzaɓi ya kama ta a yi mata gwajin maleriya a ranar, na ɗan yatsa ne minti 15 zuwa 20 ya fito. In ta ƙi shan nono ko ruwa, ko tana ta barci ba ta farkawa sosai, ko ta yi jijjiga, ko numfashinta na sauri, ki ɗauke ta ku tafi kawai. Wanda ke cikin kuma in Allah ya sauke ki lafiya, jaririn da bai kai wata 3 ba in jikinsa ya yi zafi ba a ba shi komai a gida, asibiti ake kai shi.