Sababbin tuba suna zamewa bayan taron bishara, ina gyaran yake?

Mai Neman Shawara:
Salama a gare ku. Ikkilisiya ce mai kimanin mutum 120, fasto ɗaya da dattawa huɗu. Duk taron bishara sai mutane su fito su karɓi Kristi, amma kafin wata biyu a neme su a rasa. Me shugabanni ya kamata su gyara?

Dattijon Ikkilisiya:
Ɗan'uwa, sau da yawa ba wa'azin ne ya gaza ba, bibiya ce babu. Kafin a sa ranar taro, a fara zaɓen masu bibiya, kowane ɗaya kada ya riƙe fiye da mutum uku. A rubuta sunan wanda ya fito da inda yake zaune nan take, ba washegari ba. A kai ziyara cikin kwana uku, biyu-biyu kamar yadda aka aiki almajirai a Markus 6:7, mata wurin mata, maza wurin maza, don a toshe bakin masu tsegumi.

Lahadin farko ita ce mai wuya. Wanda ya ziyarce shi ya je ya taho da shi, ya zauna gefensa, ya buɗe masa littafin waƙoƙi, ya nemo masa ayar da ake karantawa. Baƙon da kowa ya miƙe tsaye, shi kuwa yana zaune, kunya kaɗai ta isa ta hana shi dawowa.

Malamar Makarantar Lahadi:
Gaskiya ne, Baba. Sai a haɗa da ajin sababbin tuba: mako takwas, awa ɗaya, mutum goma ko ƙasa da haka, don kowa ya sami bakin tambaya. Tabbacin ceto, addu'a, karatun Littafi Mai Tsarki, baftisma, jibin Ubangiji. Kada a yi gaggawar ɗora musu muƙami, 1 Timoti 3:6 ta yi gargaɗi. Amma a ba su ƙaramin aiki, ko jera kujeru ne.

Mai Bishara:
Ni a ganina, Mama, duk wannan zai rushe in fasto ne zai ɗauki kayan shi kaɗai. Ga wa'azi, ga jana'iza, ga sulhun ma'aurata, yaushe zai zaga gida talatin? Shawarar da Yetro ya ba surukinsa Musa a Fitowa 18:21 ita ce a naɗa shugabannin dubu, ɗari, hamsin da goma. Mutum 120 ke nan ƙungiyoyin gida goma sha biyu, kowane dattijo ya kula da uku, su kawo rahoto a zaman kowane wata: wa ya zo, wa ya ɓace mako biyu a jere, wa ya je wurinsa.

Sannan kuɗi. Ana kashe komai a lasifika da baƙon mai wa'azi, ranar bibiya ma'aji ya ce asusu ya bushe. A ware kuɗin mota da na Littattafai Masu Tsarki tun a kasafin taron, kafin a buga takardar gayyata.