Neman shawara: yadda zan ga namun daji da tsirrai a gajeriyar tafiya kusa da Sidni

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ban daɗe da zuwa Sidni karatu ba. Ranar Asabar na shiga gandun daji na Royal National Park da ke kudu da birnin, na yi tafiyar sa'a biyu da tsakar rana, amma ban ga komai ba sai itatuwan turare da wasu fararen aku masu yawan hayaniya. Ina roƙon waɗanda suka riga ni zama a Ostireliya su faɗa mini inda na yi kuskure.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kuskurenka lokaci ne. Walabi, ɗan'uwan kangaru mai ƙaramin jiki, yana kiwo ne da sassafe da kuma dab da faɗuwar rana, da tsakar rana kuwa yana kwance cikin inuwa. Ka bi hanyar Lady Carrington Drive da ke gefen kogin Hacking, ka rage sauri, kuma ka riƙa tsayawa shiru na 'yan mintoci, domin a wannan dajin kunne yakan riga ido gani. Idan ka ji ana tonon busasshen ganye a ƙasa, ko ka ji kukan tsuntsaye iri-iri yana fitowa daga wuri guda, to mai yiwuwa tsuntsun nan ne mai kwaikwayon murya da ake kira lyrebird, wanda namijinsa ya fi yawan waƙa a watannin sanyi, daga Yuni zuwa Agusta.

Amsa ta biyu: Malam, ni a ganina ka fara da tsirrai, tunda su ba sa gudu. Furen waratah, ja mai girma wanda shi ne tambarin jihar New South Wales da Sidni take ciki, yana buɗewa ne tun daga Satumba. Itaciyar banksiya kuwa ta samo sunanta daga Joseph Banks, masanin tsirrai ɗan Ingila wanda ya sauka a gaɓar tekun Botany Bay da ke kudancin Sidni a 1770, kuma idan ka tsaya kusa da furenta za ka ga tsuntsaye masu shan zaƙinsa suna zuwa da kansu. Ka duba jikin itacen turare mai santsin ɓawo, za ka ga zane kamar rubutun yaro, wanda tsutsar wani ƙaramin malam-buɗe-littafi na dare take yi. Ka ɗauki hoto ka saka a manhajar iNaturalist don sanin sunan, amma kada ka tsinke ko ganye ɗaya, domin doka ta hana.

Amsa ta uku: Ɗan'uwa, kada a manta da macizai, musamman idan zafi ya fara. Ka sa takalmi rufaffe da dogon wando, kuma kada ka bar hanya. Idan aka yi sara, Allah ya kiyaye, ba a wanke wurin, ba a tsaga shi. Ana naɗe ƙafar da bandeji da ƙarfi, mutum ya daina motsi, a kira 000, lambar kiran gaggawa ta Ostireliya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Yaya, da ku duka. Asabar mai zuwa in Allah ya yarda zan fita bayan sallar asuba, da bandeji a jaka.