Wanne zan fara karantawa, na Napoliyon ko na waɗanda ya kora?

Ɗalibi daga Ƙofar Ƙaura:
Salamu alaikum malamai. Ina son karanta abin da mutanen zamanin Napoliyon na Faransa suka rubuta da hannunsu, masoya da waɗanda ya kora. Ta ina ake farawa, kuma wa ake yarda da shi?

Malamin tarihi, Daura:
Wa alaikumus salam. Ɗana, duba isnadi kafin matani: wa ya rubuta, yaushe, wa ya buga. Littafin Las Cases, wanda ya raka Napoliyon wurin da aka tsare shi, ya fi shahara, ya fito a 1823, hirarraki ne da Napoliyon a tsibirin Saint Helena bayan an ci shi da yaƙi a Waterloo a 1815. To amma Las Cases ya bar tsibirin tun ƙarshen 1816, Napoliyon kuwa sai 5 ga Mayu 1821 ya rasu, don haka shekarun ƙarshe ba a gabansa aka yi su ba. Sannan Napoliyon ya san ana rubutawa, wanke kansa yake yi. A 2017 an buga kwafin da Turawan Ingila suka ɗauka daga takardun da suka ƙwace wa Las Cases, aka ga ya fi guntu sosai; akwai kalaman da sai daga baya suka shiga. Ka haɗa shi da na Janar Gourgaud, wanda shi ma ya zauna da Napoliyon a tsibirin; nasa bai fito ba sai 1899. Shi ba don jama'a ya rubuta ba, har gulma da faɗan cikin gida duk suna ciki.

Hajiya ta Ƙofar Soro:
Malam ya yi bayani. A ɓangaren korarru, ka fara da marubuciya Madame de Staël. A 1803 aka hana ta kusantar Faris, ta tafi Jamus, daga baya ta koma gidan mahaifinta a Coppet, Suwizalan. A 1810 ministan 'yan sanda Savary ya sa aka lalata littafinta kan Jamus, kwafi 10,000 a cewarta, sai a Landan ya fito a 1813. Littafin gudun hijirarta akwai giɓi: labarin ya tsaya a 1804, ya ci gaba daga 1810, ya yanke a 1812 bayan ta ratsa Rasha. Ta rasu a 1817 ba ta kammala ba, ɗanta ne ya tace ya buga a 1821. Alƙalaminta da kaifi, amma fa mai ƙorafi ce take ba da shaida.

Na Bourrienne kuwa, a yi hattara. Sakataren Napoliyon ne da aka sallama a 1802 kan harkar kuɗi, kuma yawancin littafin wani ya rubuta masa.

Malamin tarihi, Daura:
Haka ne Hajiya, na Fouché, wani ministan 'yan sandan Napoliyon, ma da wannan zargin. Abu biyu kuma ke rikita ɗalibai. Kwanan wata: har ƙarshen 1805 Faransa na da kalandar juyin juya hali, 18 Brumaire shekara ta 8 ita ce 9 ga Nuwamba 1799, ranar da Napoliyon ya karɓe mulki. Ka riƙa juya kowane kwanan wata a gefen shafi. Sai sarakuna biyu masu suna ɗaya: wanda marubuci Victor Hugo ya guje wa zuwa Jersey da Guernsey bayan juyin mulkin 1851 Napoliyon na Uku ne, ɗan ɗan'uwan na farko.

Ɗalibi daga Ƙofar Ƙaura:
Allah ya ƙara basira. Ba na jin Faransanci, fassarar Turanci za ta wadatar?

Hajiya ta Ƙofar Soro:
Za ta yi, amma karanta gabatarwar tukuna. Tsofaffin fassarorin da ke kyauta a intanet da yawa an taƙaita su, kada ka ɗauko magana daga ciki sai ka san bugun wace shekara aka fassara.